Mama Ta Riga Ta Yi Godiya

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara gaba ɗaya. Ina roƙon Allah ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki, ya ba ka farin jini a wurin waɗanda kake ƙarƙashinsu, ya sa gwiwar nan taka da take tayar maka da hankali lokacin sanyi ta bar ka ka huta. Mu nan muna nan yadda ka san mu. Baban yara yana ta fama da motar nan tasa, wadda zamanta a gareji ya fi zamanta a kan titi, amma ko kusa ba ya son a ce ta tsufa. Babbar 'yarka ta shiga ajin ƙarshe, ta fara yi mini kallon wadda ba ta san komai ba, ƙaninta kuma haƙoransa na gaba sun zube, ya daina dariya a gaban baƙi. Ƙanwarmu Auta tana nan da koyarwarta, kullum murya a dishe. Shago ma yana tafiya, ɗinki bai yanke ba, mun gode wa Allah.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Dalili biyu ne. Na farko, gidan nan ba shi da sirri, ko a bayan gida na tsaya ina magana sai Mama ta ji. Na biyu kuma kai ne, Yaya. In na kira ka, kafin in kai tsakiyar zance ka riga ka karɓe shi, ka yi mini wa'azi, ka rufe da addu'a, in ce amin in kashe waya ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Tun muna yara haka kake, kuma ban ga alamar za ka sake ba. Takarda dai ba a katse ta. To ga maganar ba tare da kwana-kwana ba: ciwon Mama ya dawo, ta ƙi shan magani, kuma tana ƙarewa a gaban idonmu. Akwai abin da nake so ka yi, wanda babu mai iya yin sa sai kai, amma ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya.

Kai ba ka nan, kana can nesa wurin aiki, lokacin da abin ya fara, bayan rasuwar Baba, labari kawai ka ji. Matar da ka sani, wadda ba a kwantar da wani ɗan ikkilisiya a asibiti ba ta riga danginsa isa ba, da filas ɗinta na ruwan zafi da tawul a jaka, ita ce ta koma ta zauna a kujera ta daina magana. Mun ɗauka makoki ne, sai makokin ya ƙi ƙarewa. Da muka kai ta asibiti likita ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana da magani. Ta fara sha, muna ta addu'a, a hankali ta dawo mana. Ba zan manta ranar da ta ɗanɗana miyata ta ture kwanon ba, ta ce ita ba ta haifi 'yar da za ta kashe mutane da gishiri ba. Ni da Auta muka kalli juna muka fashe da dariya, don mun san uwarmu ta dawo. Daga nan ne ta ce za ta tsaya a gaban jama'a ta ba da shaida, ta yi wa Allah godiya. Ni na ɗinka mata rigar da ta sa ranar, shuɗiyar nan mai faɗin hannu. Ka ga bidiyon, ba sai na ba ka labari ba.

Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne abin da ya faru da muka koma gida. Ko takalmi ba ta cire ba, ta tattara kwalayen maganin ta ƙulle a leda ta miƙo mini, ta ce in kai wa wani mai bukata. Na yi magana har bakina ya bushe, Auta ta yi kuka, Mama ko gezau. Ta ce wanda ya tsaya a gaban jama'ar Allah ya ce an warkar da shi ba ya komawa ɗaki ya riƙa haɗiyar ƙwaya a ɓoye, ita ba za ta yi wa Ubangiji fuska biyu ba. Ta ce ta riga ta yi godiya, kuma ba a yin godiya a koma roƙon abin da aka ce an karɓa. Na ce mata ai ta hannun likitar Allah ya warkar da ita, ta ce in haka ne ya gama aikinsa, sai a sallami likita. Ka san Mama da iya magana. Da na faɗa maka a waya, kai ma cewa ka yi in bar ta da bangaskiyarta. Ba tuhumarka nake yi ba, don a makonnin farko lafiya lau take, har ni ce na zama kamar mai ƙarancin bangaskiya a gidan.

Ba rana ɗaya abin ya dawo ba. Da farko ta daina zuwa gaishe da marasa lafiya, ta ce ƙafa. Sai ta daina zuwa taron mata, ta ce surutunsu ya yi yawa. Sai rediyon ɗakinta ya yi shiru. Yanzu in ka shiga za ka same ta a kujerar nan mai hannu ta Baba, ta juya wa taga baya, labule a sauke, hannuwanta a kan cinya kamar an ajiye mata su. In na kai mata shayi da safe, da na dawo daga shago zan tarar da shi ya yi fata a sama, burodin ya bushe. Cokali biyu na shinkafa sai an kai ruwa rana. Gashinta ni nake taje mata, ba ta ko cewa na ja mata. Kwanan baya na sa mata shuɗiyar rigar don na ga duk sauran sun yi datti, sai da na kama ta da fil a kafaɗa don kada ta zame. Ba ta kuka, Yaya. Da tana kuka ma da na san inda zan taɓa.

Ni kaina ban san yadda zan kwatanta maka halin da nake ciki ba. Ba na kuka, ba na fushi, ba na jin tsoro. Ina tashi, in yi wa yara shiri, in wanke Mama, in buɗe shago, in taka keke har yamma, in dawo. Wata rana dutsen guga ya kwanta mini a bayan hannu, sai da wata mai kawo ɗinki ta yi ihu sannan na duba, na ga fatar ta tashi, na ce to. Baban yara ya ce na koma kamar baƙuwa a gidan, ina amsa gaisuwa da ladabi. Addu'a ina yi, ban fasa ba, amma kalmomin suna fita ne kamar ina jera maɓallai a kan riga. Kada ka ce na bar bin Yesu, ban bari ba. Ka san in mutum ya daɗe zaune a kan ƙafarsa, yana ganin ta, ya san tasa ce, amma in ya taɓa ba ya jin komai. Haka bangaskiyata take a yanzu, kuma na daina jin kunyar faɗa.

Na koma wurin likitar ni kaɗai, tunda Mama ta ce ba inda za ta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce irin wannan magani ba a yanke shi haka kwatsam, kuma dawowar ciwon ba laifin kowa ba ne, sau da yawa haka yake yi. Ta ce in aka koma kan magani akwai kyakkyawan zaton za ta sake tashi, amma ba a ɗura wa babba magani kamar jariri, sai da yardarta. Ta kuma gargaɗe ni cewa ranar da Mama ta daina shan ruwa, kada in tsaya shawara da kowa, in kawo ta a kwantar. Da zan fita ta tambaye ni ni kuma fa, yaya nake. Na ce lafiya lau. Ta kalle ni ta ce in na kawo Mama in shigo ni ma mu yi magana.

Fasto ya zo har gida, shi da maiɗakinsa. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita, bai ɗaga murya ba, bai tsawata wa kowane aljani ba. Ya tuna mata da annabin nan da ya gudu jeji ya kwanta a gindin itace ya ce ya gaji da rai, Allah kuwa bai yi masa faɗa ba, abinci da ruwa ya aika masa ya bar shi ya yi barci. Ya ce Ubangijinmu da kansa ya san baƙin ciki har ya nemi abokansa su zauna kusa da shi. Ya ce hannun da ya halicci itacen da ake yin magani da shi, shi ne hannun da take yi wa godiya. Mama ta saurare shi tsaf, ta ce ta gode, ta ce in kawo wa Fasto ruwa. Sannan ta ce masa ranar da ta ba da shaida, wata yarinya mai ɗa marar lafiya ta riƙe hannunta a bakin ƙofar coci tana kuka, ta ce saboda ita ta samu ƙarfi. Ta ce in yanzu aka ji ta koma shan magani, me za ta ce wa wannan yarinyar, kuma da wane ido mutane za su kalli Allahn da ta yaba. Da na raka Fasto waje, ya ce abin da ke cin ransa shi ne bai tambaye ta zancen magani ba kafin ya miƙa mata makirufo. Na ce masa ai ya wuce.

Daga nan na ga in dai mutane ne take karewa, to gara mutanen su sani. Ka tuna yadda ake yi a cocinmu. Bayan sanarwa akwai lokacin shaida, masu magana su yi layi, kowa ya faɗi abin da Allah ya yi masa, da ya sauke makirufo sai mai fiyano ya buga waƙar godiya, jama'a su miƙe da tafi. Ana kuma ambaton marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya a cikin babbar addu'a, kuma tun ranar shaidarta aka daina ambaton Mama. A iya sanina ba a taɓa mayar da wani ba. Mutum yakan fita daga cikin marasa lafiya ne ko don ya warke ko don ya tafi gida wurin Ubangiji. Ranar Lahadin da ta wuce waccan na shiga layin. A gabana akwai wani da ya samu aiki, da wata da 'yarta ta sauka lafiya. Da aka zo kaina na karɓi makirufo na ce sun san ni, sun san uwata, sun kuma ji shaidarta. Na ce ciwon ya dawo, ba ta ci, ba ta magana, ina roƙo a mayar da ita cikin marasa lafiya a yi mata addu'a. Iyakar abin da na faɗa ke nan, na sauke hannu.

Mai fiyanonmu yanzu mai askin nan ne na bakin kasuwa, mutumin kirki. Ashe shi ba ya sauraron abin da ake faɗa, hannun mai magana kawai yake kallo. Yana ganin makirufo ya sauka ya danna waƙar godiya da dukan ƙarfinsa, mai ganga ya bi shi, mawaƙa suka ɗauka. Lasifikar baya ta daɗe da lalacewa, saboda haka mutanen baya ba su ji ko kalma ɗaya ba, suka miƙe suna tafi suna rangaji. Na gaba da suka ji suka yi tsuru-tsuru a zaune, baki a buɗe. Fasto ya miƙe yana kaɗa hannu a tsaya, na baya suka ɗauka cewa yake a ƙara, suka ƙara. Haka na bi ta tsakiyar coci ina komawa wurin zamana, rabin jama'a suna rawa don uwata ba ta cin abinci. Wata tsohuwa ta rungume ni ta ce Allah ya ƙara mana irin wannan. Ka san abin da na gani a lokacin? Ɗinkin hannun rigarta ya warware, ina ta tunanin da baƙin zare ya kamata a kama shi. Auta ta ce ita ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ni ban ji komai ba.

Bayan an tashi mai askin ya same ni a waje, saura kaɗan ya durƙusa, yana ta ba da haƙuri da hawaye. Na ce masa ba komai, kuma har zuciyata ba komai ɗin. A cikin makon da ya biyo baya mutane suka fara zuwa gida. Matan da Mama ta yi jinyarsu shekara da shekaru suka riƙa shigowa bibbiyu, ba su cika ta da surutu ba, su zauna, wata ta share ɗaki, wata ta matsa mata ƙafa. Wani dattijon ikkilisiya, wanda ba zan faɗi ko wane ne ba, ya ja ni gefe ya ce shi ma ya daɗe yana shan irin wannan magani, ko 'ya'yansa ba su sani ba. Yarinyar nan mai ɗa marar lafiya ita ma ta zo, da yaron a bayanta, har yanzu bai warke ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Mama ta ce ta daɗe ba ta zuwa addu'a, don ta ɗauka Allah ya duba bangaskiyar Mama ya amsa, ya duba tata ya ga ba ta kai ba. Ta ce sai yanzu ta iya shiga coci ba tare da sunkuyar da kai ba. Mama ta ɗora mata hannu a ka, wannan ne motsi na farko da na ga ta yi don kanta cikin dogon lokaci.

Da suka tafi, da rana tsaka, na ɗauko maganin, don ban taɓa kai shi ko'ina ba, kuma likita ta gaya mini yadda za a sake farawa. Na durƙusa a gabanta na ce Mama, yanzu kowa ya sani, ba wanda bangaskiyarsa ta faɗi, ba wanda ya zagi Allah, saura me. Na zaci za ta yi mini faɗan tona mata asiri, har ina fatan ta yi. Ba ta yi ba. Ta kalli hannuna, sannan ta tambaye ni ko kai ka sani. Na ce ban faɗa maka ba tukuna. Ta ce to kada in faɗa.

Yaya, ka san duk ranar da za ka kira, tun safe take sa in wanke mata fuska in ɗaura mata ɗankwali, ko da ba kiran bidiyo ba ne. Tana jin muryarka sai ta gyara zama, ta ɗaga murya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta yi dariyar barkwancinka, ta ce maka tana nan garau cikin ikon Yesu. Kana kashewa sai wayar ta zame daga hannunta, kuma ba za mu sake jin muryarta ba sai bayan kwanaki. Na ɗauka kunya ce irin ta iyaye. A ranar da na durƙusa mata da maganin ne ta faɗa mini dalili. Ta ce ka gaya mata ka nuna bidiyon shaidarta a cocinku, ka tsaya a gaban baƙin mutane ka yi kuka, ka ce duk wahalar da kake sha a can, in ka tuna Allah ya warkar da uwarka sai ka ji za ka iya. Ta ce ba ka samu ganin Baba ba kafin a rufe shi, ba ka da kowa naka a can sai matarka da yara ƙanana, kuma ita ba ta da abin da za ta aika maka sai wannan. Ta ce in ta haɗiyi ƙwayar nan ta amsa ke nan cewa ba ta da lafiya, kuma ita ba ta iya amsa abu a ɗaki ta musanta maka shi a waya. Ta ce ni da Auta mun riga mun ga abin da muka gani, ba yadda za a yi da mu. Kai kaɗai ka rage da uwa mai lafiya, a bar maka ita.

Ban bar maka ita ba, Yaya, ga shi na rubuto. Na san abin da na ƙwace maka da wannan takarda, kuma in akwai zafin da ya kamata in ji, wataƙila zai zo daga baya. Abin da nake roƙonka shi ne ka kira ta, amma ka bari sai ka gama naka kukan. Kada ka yi mata wa'azi, kada ka ce mata ta riga ta warke ta riƙe da bangaskiya, ta fi ka sanin waɗannan kalmomi, ita ta koya maka su. Ka ce mata ka sani. Ka ce mata ba ka ji kunya ba, Allahnka bai ragu ba, kuma ka fi son uwa marar lafiya da take shan magani a kan mai lafiyar da ake yi maka a waya. In ta yi shiru kada ka cike shirun, ka jira ta. In za ka iya, ka tsaya a cocinku ka roƙa mata addu'a kamar yadda ka tsaya ka yi godiya, amma wannan tsakaninka da Ubangiji ne. Maganin yana kan ƙaramin teburin da ke gefen kujerarta, da kofin ruwa a rufe da faranti. Kowace safiya ina zubar da ruwan in sa sabo.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata ita ma ta karanta, don kada ka ɗauki wannan kai kaɗai. Ka shafa mini kan Baba Ƙarami da Sarkin Surutu da 'yar autarku da ban taɓa ɗauka ba. Baban yara yana gaishe ka, Auta tana gaishe ka, Goggo da Kawu sun ce in na rubuta in sa gaisuwarsu, Fasto ma ya tambaye ka. Ban sa gaisuwar Mama ba, don ba ta san na rubuto ba. Alherin Ubangijinmu Yesu ya kasance tare da kai da gidanka, ya riƙe mu duka har ranar da za mu ga juna.

Ni ce ƙanwarka,
wadda kake kira Uwar Gardama